Hannu Kafin Aska

Shekara ashirin da biyu ke nan ina ɗora aska a maƙogwaron manyan mutane suna gyangyaɗi a hannuna. Ka tambayi duk wanda ya taɓa zama a kujerata, zai ce maka mai askin nan ba ya tsoron kowa, kuma bakinsa ba ya hutawa. Maganar baki gaskiya ce, ban musa ba. Ta tsoron kuwa ƙarya ce tsagwaronta, kuma gara ka ji daga bakina, tunda ni na san abin da na aikata.

Wanda ya koya mini sana'a wani dattijo ne a cocinmu, kowa Baba yake ce masa, har waɗanda suka girme shi. Gajere ne mai sanƙo, shi ya sa abokan wasansa ke tsokanarsa wai ya zaɓi sana'ar da ba zai taɓa cin moriyarta ba. Na je wurinsa ina saurayi, ba ni da aikin yi sai yawo da surutu. Ranar da ya fara barina in taɓa kan mutum, na fizgi kilifa, injin askin nan, zan afka wa wani bawan Allah, sai na ji an riƙe mini wuyan hannu.

"Ina za ka, Gaggawa? Gobara ake yi?"

Ya karɓe kilifar ya ajiye. Ya murza tafukan hannunsa har suka yi ɗumi, ya ɗora na dama a tsakiyar kan mutumin, ya bar shi a nan kamar tsawon numfashi uku. Sannan ya ce mini, "Mutumin nan bai san ka ba, amma ya ba ka wuyansa. Bari ya fara jin hannunka, ya san ɗan Adam ne tsaye a bayansa. Ƙarfe ya zo daga baya."

Sunan Gaggawa ya bi ni tun daga ranar, har matata takan kira ni da shi idan na ɓata mata rai. Sai da na shekara biyu a shagon kafin na gane cewa a ɗan lokacin nan da Baba ke ɗora hannu, addu'a yake yi wa mai kan a zuciyarsa. Ba ruwansa da ko wane ne, ko wane addini yake bi. Ni ma na ɗauki ɗabi'ar, har ta zama ba na iya fara aski sai na yi.

Baba ba ya iya waƙa, idan ya ɗaga murya a coci yara dariya suke ƙunshewa. Wa'azi ma bai iya ba, sau ɗaya aka taɓa ba shi ya yi addu'ar rufewa ya manta inda ya dosa. Hidimarsa ga Allah guda ɗaya ce. Kowace Asabar da azahar, daidai lokacin da shago ke cika maƙil, sai ya zuba kayansa a wata tsohuwar jakar fata, ya hau kekensa ya nufi babban asibiti, ɗakin da ake kwantar da maza masu tarin fuka. Ya yi musu aski, ya gyara musu gemu, ya dawo da yamma yana wari irin na maganin asibiti. Ya fi shekara talatin yana haka.

Duk Asabar kuma sai ya ce mini, "Gaggawa, za ka raka ni?" Ni kuwa in nuna masa layin mutane in ce wa zai kula da waɗannan. Ba ya ja da ni, sai ya gyaɗa kai ya fita.

Ba layi ne ya hana ni ba. Ina ɗan shekara tara tari ya kashe mahaifiyata. Abin da na fi tunawa ba fuskarta ba ce, kofinta ne, wanda aka ɗaura wa jan zare a hannu don kada wani ya yi kuskure ya sha da shi. An hana mu shiga ɗakinta, daga bakin ƙofa muke gaishe ta. Ranar da aka binne ta, kafin a dawo daga maƙabarta gwaggona ta kwashe tabarmarta da zannuwanta da kofin nan ta cinna musu wuta a bayan gida. Tun daga nan, idan mutum ya yi tari mai zurfi kusa da ni, sai in ji numfashina ya tsaya da kansa.

Sau ɗaya na taɓa tambayar Baba, muna share gashi da yamma, na ce, "Wai kai ba ka jin tsoro ne?"

Ya ce, "Ina ji mana, ni dutse ne? Duk ranar da na isa bakin ƙofar nan sai cikina ya ɗuri ruwa. Sai in tsaya in ce, Yesu, ka riga ni shiga, ni zan biyo ka da jaka. Shi ke nan, in shiga."

Na yi dariya, na ɗauka irin barkwancinsa ne.

Da lokaci ya yi zan buɗe shagona, Baba ya ba ni askarsa. Ba irin ta yanzu ba ce da ake sa wa reza a cire a yar. Aska ce ta gaske mai naɗewa, ƙotarta baƙin katako da ya yi sulɓi don riƙo, wadda shi ma maigidansa ne ya ba shi. Ya ce mini, "Ba ta son gaggawa, kai ma ka sani." A shago reza nake amfani da ita kamar kowa, amma askar nan kullum tana aljihun rigar aikina, kuma duk safiya sai na wasa ta a kan fata ko da ba zan taɓa kowa da ita ba.

Shekaru suka tafi. Na yi aure, muka haifi 'ya'ya uku, a coci kuma aka sa ni cikin masu nuna wa jama'a wurin zama, da farar riga da ɗan kati a ƙirji. Ba na fashin sujadar Lahadi. Idan ana waƙa muryata ake fara ji. A ganina ni da Allah ba mu da wata matsala.

Sai Baba ya fara rama. Ya tsufa dama, ga ciwon suga da ya daɗe yana fama da shi. Aka auna shi aka ce tarin fuka ne, aka kwantar da shi a ɗakin nan dai da ya yi shekara talatin yana shiga da jaka. Da labarin ya zo mini, ka san abin da ya fara zuwa zuciyata? Ba tausayi ba ne. Cewa na yi a raina, ka gani ko, ai dama na faɗa. Allah ya gafarta mini, har wani ɗan sanyi na ji, kamar an tabbatar mini ni ne mai hankali.

Ranar Lahadi aka yi sanarwa a yi wa Baba addu'a. Amin ɗina ya fi na kowa ƙarfi. Na aika masa da lemo da madara ta hannun matan coci, har sau biyu. Ƙafata dai ba ta taka asibitin ba.

Wata Talata da hantsi Fasto ya shigo shago, ya zauna a benci ya jira na sallami wanda ke kujera. Na ɗauka aski ya zo, har na kakkaɓe masa mayafi.

Ya ce, "Ba aski na zo ba, saƙo na kawo. Na ce wa Baba zan kai masa Jibin Ubangiji, gurasa da ruwan inabin da muke tarayya a kai a coci, ranar Lahadi, ya ce a'a."

"Baba ne ya ce a'a?"

"Ya ce tun da aka yi masa baftisma bai taɓa zuwa teburin Ubangiji da ƙasumba ba, kuma ba zai fara yanzu ba. Na ce masa Allah ba gemu yake dubawa ba. Ya ce ya sani, amma shi yana dubawa. Hannunsa rawa yake yi, ba ya iya riƙe aska. Ya ce a kira masa Gaggawa."

Na ce to, ba damuwa, Asabar ina nan tafe. Asabar ta zo, na tashi da wani ciwon kai wanda ni kaina ban san ko na gaske ba ne ko na ƙirƙira. Na aika aka gaya wa Fasto. Lahadin nan Baba bai ci Jibi ba.

Da muka dawo daga coci uwar yarana tana tuɓe wa autarmu takalmi, ba ta ko kalle ni ba ta ce, "Yau ka yi waƙa har jijiyar wuyanka ta fito."

Na ce, "Laifi ne?"

"A'a. Na ga dai ciwon kan ya warke."

Raina ya ɓaci, na hau ta da faɗa. Na ce ita ba ta tunanin yaran nan ne, ga auta da ƙirjinta ba shi da ƙwari, idan na kwaso wani abu na kawo gida wa za a zarga. Ta bar ni na gama tsaf. Sannan ta ce, "Baban yara, ni na je na gan shi ranar Alhamis. Na zauna kusa da gadonsa. Duk wanda ya turo ƙofa sai ya ɗaga kai ya duba. Ban gaya maka ba ne don na san za ka hana ni kwana a ɗaki."

Sai na fita waje na zauna.

Asabar ta biyu na tafi. Amma kafin in tafi na biya kemis na sayi safar hannu ta roba, har guda biyu-biyu. Na ɗauki tsohon tawul da tsohon buroshi waɗanda ba zan yi kewarsu ba. Askar Baba kuwa na ɗauke ta ne don na san ba zai yarda a taɓa fuskarsa da reza ba.

Ɗakin yana can ƙarshen asibitin, bayan wurin wanki, doguwar baranda ce ke kai ka. Gado goma sha biyu ne, shida nan shida can, tagogi duk a buɗe, fanka ɗaya tana juyawa a hankali. A bakin ƙofa na tarar da nas ɗin da ke kula da ɗakin, wata doguwar mata mai furfura a goshi, kowa Sista yake ce mata. Ta miƙo mini takunkumi ta nuna mini yadda zan matse shi a hanci.

Ta ce, "Wannan shi ne abin da kake bukata. Ta iska ciwon yake bi, ba ta fata ba. Kuma ya yi sati uku yana shan magani, haɗarin ya ragu ƙwarai. Idan ka gama ka wanke hannu da sabulu a famfon baranda, shi ke nan."

Na ce to. Tana juya baya na zaro safar hannuna na sa, na ɗora ta biyu a kan ta farko.

Gadon Baba na jikin taga ta ƙarshe. Da ƙyar na gane shi. Farin gemu ya cinye masa fuska, wuyansa ya zama kamar na ɗan tsako. Amma da ya gan ni idonsa ya yi haske, ya yunƙura ya zauna.

"Gaggawa. Yau kai ne da latti?"

"Ayyuka ne, Baba. Yaya jikin?"

"Jiki ya gode wa Allah." Ya juya ga na gadon kusa da shi. "Ga yaron nawa da nake ba ku labari. Duk garin nan babu mai hannunsa, ni na koya masa amma ya fi ni."

Idonsa ya sauka a kan hannuwana. Ya dube su, ya ɗauke kai. Na yafa masa tawul. Sai ya gyara zama, ya rufe ido, ya sunkuyo mini da sanƙonsa, yadda duk wanda ya saba zama a kujerar Baba yake yi. Yana jiran hannu.

Na gani. Kada wani ya ce maka ban lura ba ko na manta, na gani sarai. Ga kan a gabana, da 'yan ɗigon zufa a kai. Na juya na ɗauki buroshi na shiga kaɗa kumfa a kofi kamar wanda aka sa wa gasa. Ya daɗe a sunkuye. Can ya ɗago a hankali ya miƙo mini haɓa.

Askin da Baba kan ɗauki rabin awa yana yi, na gama shi cikin minti bakwai. Ina yi ina ɗauke numfashi, ina karkatar da fuska gefe. Roba biyu ta hana ni jin fatar, ai kuwa a ƙarƙashin muƙamuƙi na yanke shi. Ni da ban taɓa fitar wa mutum jini ba tun ina koyo. Jinin ya gangaro cikin kumfa.

Baba ya ce, "Ba komai. Fatar tsoho ce, ta yi yawa, ka rage mini." Ya yi dariya, dariyar ta zama tari, ni kuwa na ja da baya har na bugi gadon da ke bayana.

Da tarin ya lafa na miƙa masa ƙaramin madubi. Ya duba dama, ya duba hagu, ya shafa haɓarsa. Ya ce, "Yauwa. Yanzu na zama mutum. Gobe sai Fasto ya zo."

Ina tattara kaya, wani daga gado na huɗu ya ɗaga hannu. Ƙato ne amma ciwo ya zuge shi, gashi ya yi masa buya-buya. Daga baya na ji direban babbar mota ne. Ya ce, "Maigida, ni fa? Tun da tsohon nan ya kwanta ba wanda ya taɓa mu."

Na ce, "Wani satin, in Allah ya yarda. Yau ina sauri."

Na yi wa Baba sallama daga ƙafar gado na fita. A baranda, kusa da famfo, akwai wani babban kwandon shara mai murfi. Na tuɓe safar na jefa. Na jefa tawul, na jefa buroshi da kofin kumfa. Saura askar a hannuna, da ɗan jini a bakinta. Na san abin da Sista ta gaya mini. Na san ruwan zafi da sabulu sun isa. Amma a lokacin ba Sista nake ji ba, gwaggona nake gani tsaye a bayan gida da ashana. Na ce a raina, wannan aljihuna za ta koma, auta kuma kullum sai ta sa hannu a aljihun nan tana neman alewa. Na saki askar. Na ji ƙararta a gindin kwandon.

Da na ɗago, ashe famfon yana daidai bayan tagar Baba. Ya ba ni baya, amma madubin yana hannunsa a ɗage. Mu masu aski ta madubi muke kallon mutane, ta nan muke hira, ta nan muke gane ko mutum ya ji daɗi ko bai ji ba. A cikin ɗan madubin nan idona ya haɗu da nasa. Bai ɓata fuska ba. Kallona kawai ya yi, sannan ya kifa madubin a cinyarsa.

Abin da ya kamata in yi ba shi da wuya. In buɗe murfi, in sa hannu, in ɗauko. Taku ɗaya ne. Na tsaya na wanke hannuna sau uku, na bi baranda na tafi gida.

Lahadi Fasto ya kai masa Jibi, ya ci. Ni ina coci da farar rigata ina nuna wa mutane wurin zama. Duk satin nan ina cewa zan koma, zan ba shi haƙuri, zan ce kuskure ne ta suɓuce mini. Har na shirya kalmomin. Asabar ta zo, shago ya cika, na dubi layi na ce wa zai kula da waɗannan. Laraba da safe ina buɗe shago uwar yarana ta zo da kanta, ko mayafi ba ta gyara ba. Da na ga fuskarta na san Baba ya rasu, ban bari ta faɗa ba. Likita ya ce ba tarin ne ya kashe shi ba ma, zuciyarsa ce ta gaji.

A wurin jana'iza mutane suka yi ta riƙe hannuna suna cewa sannu, kai ne ɗansa na gaske, kai ka yi masa askin ƙarshe. Fasto ma ya faɗa a gaban jama'a. Na sunkuyar da kai, suka ɗauka kuka ne ya hana ni magana.

Kwana huɗu bayan nan, da la'asar, wata mata ta tsaya a ƙofar shago. Ba ta cikin fararen kaya, sai da ta yi magana na gane Sista ce. Ta ƙi zama. Ta buɗe jakarta ta fito da wani abu naɗe a cikin hankicin Baba, mai layi-layi shuɗi, ta ajiye a kan teburina tsakanin kwalaben mai.

Tun kafin in warware na san mene ne.

Ta ce, "Kana fita ya sauko daga gado. Mutumin da sai an riƙe shi yake zuwa bayi. Na same shi a baranda ya dafa bango, hannunsa ɗaya cikin kwandon shara har kafaɗa. Na yi masa faɗa sosai, ban san abin da yake nema ba."

Na kasa ɗaga ido.

"Ya roƙe ni in sa ta a tukunyar da muke dafa kayan aiki. Na ce masa ƙotar za ta lalace, ya ce in dafa dai. Da na dawo masa da ita, ya sa aka ɗaura masa bel ɗinsa a ƙarfen gado. Kwana uku yana wasa ta, ya ja sau biyar ya huta, ya ja sau biyar ya huta. Wai ta dakushe da ta faɗa kwandon."

Na warware hankicin. Katakon ya yi fari-fari ya ɗan tsage saboda zafi. Na buɗe ta na gwada a gashin hannuna, ta share shi ba tare da na ji komai ba.

Na ce, "Ya yi fushi da ni?"

"Ni dai ban gani ba. Ya ce in gaya maka abu uku, har ya sa na maimaita. Ya ce an dafa ta, babu komai a jikinta, kada ka ji tsoron sa ta a aljihu. Ya ce askin ya yi kyau. Kuma ya ce direban gado na huɗu yana jiranka, don ya riga ya gaya masa yaronsa ba ya saɓa alkawari."

Ta rataya jakarta. A bakin ƙofa ta juyo ta ce, "Ni ba saƙona ba ne wannan, amma tunda na zo. Na ga safar nan taka guda biyu. Shi ma ya gani." Ta tafi.

Akwai mutum a kujera da rabin kai a aske. Na ba shi haƙuri na shiga bayan labule, na zauna a kan bokiti na yi kukan da ban yi a maƙabarta ba.

Zan so in ce maka tun daga ranar tsoro ya bar ni. Bai bar ni ba. Asabar da azahar na rufe shago mutum biyar na zaune, ɗaya har ya zage ni. Na je gidan Baba, matarsa ta ba ni tsohuwar jakar fatar ba ta tambaye ni komai ba. Na bi doguwar barandar nan. Da na isa bakin ƙofa na ji tari daga ciki, numfashina ya tsaya yadda ya saba. Na yi niyyar juyawa, ba zan ɓoye maka ba. Na nemi wata addu'a mai kyau irin wadda nake yi a coci, ko ɗaya ba ta zo ba. Sai ta Baba, wadda na yi wa dariya.

Na ce, "Yesu, ka riga ni shiga. Ni zan biyo ka da jaka."

Ban ji wani abu ya sauko mini ba. Ƙafata ce dai ta ɗaga, na shiga.

Sista ta miƙo mini takunkumi, ta dubi hannuwana, ta koma kan aikinta. Direban yana nan a gado na huɗu. Ya ce, "Ashe za ka zo. Tsohon ya ce za ka zo, na ce masa ba na jin haka."

Na yafa masa tawul. Na murza tafukana har suka yi ɗumi, na ɗora na dama a tsakiyar kansa. Kan da zafi, gashin ya jiƙe da zufa. Na ji mutumin ya saki wani dogon numfashi, kafaɗunsa suka sauka. Ya ce, a hankali, "Wata biyu ke nan rabon da wani ya taɓa ni ba da roba ba." Ban iya yi masa wata addu'ar kirki ba, sunan Ubangiji kawai na yi ta kira a raina. Na yi masa aski, na yi wa na kusa da shi, har mutum tara. Gadon jikin taga an sa wani sabo, shi ma na yi masa.

Direban ya warke, yakan zo shago har yanzu, ya cika mini kunne da labarin hanya. Ni ban kamu da komai ba, auta ma lafiyarta ƙalau, ta girma har ta fi uwarta tsawo. Yau shekara shida ke nan ban fasa Asabar ba sai sau biyu, kuma har yau sai na tsaya a bakin ƙofar nan na faɗi maganar Baba kafin in iya shiga. A asibiti da kayan da Sista ta dafa nake aiki, askar tana aljihuna.

Mutanen coci suna cewa na gaji Baba, har wani ya taɓa kirana jarumi a gaban jama'a. Na san Allah ya yafe mini, Baba ma ya yafe tun kafin in roƙa. Amma na ɗora hannun nan a kan mutanen da ban san adadinsu ba, baƙi waɗanda ko sunansu ban riƙe ba, kuma duk lokacin da na murza tafukana sai na ga sanƙon nan a sunkuye a gabana, da 'yan ɗigon zufa a kai. Numfashi uku kawai ya nema a wurina. Ya jira, ya jira, ni kuwa ina ta kaɗa kumfa.